Abin da Uwa Ta Ce: Rajistar Yara da Koyar da Aikin Lafiya Tsakanin Kalgo da Gwandu

A wani ƙaramin asibiti da ke cikin ƙaramar hukumar Kalgo akwai wata jami'ar lafiya da ta kusa ajiye aiki. 'Yar asalin garin Gwandu ce, aure da aiki suka kawo ta wannan yanki. Mutanen ƙauye Likita suke ce mata, duk da cewa ba karatun likita ta yi ba, ɗaliban da ake turo mata domin sanin makamar aiki kuwa Malama suke kiranta. Duk wanda ya zauna kusa da teburinta zai lura da cewa abin rubutu biyu take riƙewa. Da biro take cika rajistar da gwamnati ta buga, mai gurabe a jere: kwanan wata, suna, shekaru, jinsi, unguwa, cutar da aka gano, maganin da aka bayar, da kuma ko an tura majiyyaci gaba. Da fensir kuma take rubutu a gefen shafi, inda babu layi, tana ajiye kalmomin da uwar yaro ta furta da bakinta lokacin da aka tambaye ta abin da ya kawo ta. Rajistar ba ta tanadi gurbin wannan ba.

Wannan ɗabi'a tana da asali. A shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ta fara aiki tana yarinya, kanta cike da abin da aka koya mata da Turanci. Wata rana da hantsi wata mata ta shigo da goyon da bai kai shekara ba, jikinsa da zafi, an shafe masa tsakar kai da wani baƙin haɗi. Ta tambaye ta abin da ke damunsa, matar ta ce, "Maɗigatai ta hwaɗa, Likita." Malama ta ji maganar, ta ajiye ta a rukunin canfi, har ta ɗan yi wa matar faɗa a kan abin da ta shafa wa yaron. Ta ba da kulorokwin, wanda shi ne maganin zazzaɓi a wancan zamani, ta rubuta zazzaɓin cizon sauro a rajista. Bayan kwana biyu aka ce yaron ya koma. Sai daga baya ta ji cewa kwanansa uku yana zawo, uwar ba ta ambata ba domin a wurinta zawon mai fitar da haƙora ba ciwo ba ne da za a kai ƙara asibiti. Faɗawar maɗiga, wato lotsawar wannan wuri mai taushi da ke tsakar kan jariri, tana cikin alamomin ƙarewar ruwan jiki da aka karantar da ita a aji, har ta amsa tambaya a kanta a jarrabawa. Da sunan Turanci ta san alamar. Da aka kawo mata ita da Hausa, a cikin karin harshen garinsu ma, ba ta gane ta ba. Ruwan gishiri da sukari na iya tsayar da yaron. Har yau, idan tsohuwar rajistar tana nan, yana cikinta a matsayin mai zazzaɓin cizon sauro.

Tafiyar da alƙaluman irin wannan asibiti ke yi sananniya ce. A ƙarshen kowane wata a tattara abin da ke cikin rajistoci a zuba a takardar taƙaitawa, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma, jami'in da ke kula da bayanai ya shigar da su kwamfuta a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke kula da ita, daga nan su wuce Birnin Kebbi da Abuja. Tafiya ce ta hawa kawai. Da wuya a ga ranar da alƙaluman suka sauko suka koma hannun wanda ya rubuta su, balle su shiga ajin da ake horar da wanda zai gaje shi. Ɗalibi yakan haddace cututtukan yara daga littafin da aka wallafa a wata nahiya, alhali a cikin kabad ɗin da ke bayansa akwai tarihin yaran ƙauyen na shekara goma, gara na ci.

Ga shi kuwa Kebbi ba wurin da za a yi sakaci da wannan ilimi ba ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a jihar, 252 ba sa kaiwa shekara biyar, adadin da ya fi na kowace jiha a Nijeriya. Binciken ya kuma samu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 52 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada, binciken 2021 kuma ya samu kashi 49, nan ma Kebbi ce a gaba. Fadamun da ke ba jihar shinkafar da take alfahari da ita su ne ke renon sauron. Bisa wannan ne aka fara ba da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, kafin sauran jihohi. A gefe guda kuma wuraren koyarwa suna ƙaruwa a kusa: Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a Kalgo ta fara zama, ga babbar cibiyar lafiya ta jiha a nan Kalgo, ga kwalejin koyon aikin lafiya a Jega, ga Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a babban birni. Majiyyata sun yi yawa, ɗalibai sun yi yawa, rubutattun bayanai ma sun yi yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zaunar da ɗalibi a gaban bayanan.

Malama ba ta taɓa jin wata ƙa'idar koyarwa mai suna ba. Abin da take yi shi ne, da la'asar idan layi ya ƙare, sai ta fito da rajistocin shekarun baya ta raba wa ɗalibai, ta ce kowa ya ƙirga mata yaran da aka kawo a kowane wata, ya ware su bisa ciwo. Da farko sukan ɗauka horo ne. Kafin mako ya zagayo sai su ga shekarar ƙauyen ta fito a kan takarda da kanta: zazzaɓi ya hau tun daga tsakiyar damina ya kai ƙololuwa wajen kaka, tamowa ta yawaita a watannin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, tari ya zo da hunturu, ƙyanda ta biyo bazara. Babu wanda ya gaya musu, su suka ƙirga. Wanda ya ga wannan hawa da idonsa ba ya buƙatar dogon bayani kan dalilin da ya sa ake bi gida gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓi wata bayan wata, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012.

Daga nan sai ta juyo da su gefen shafi, kuma a nan ne darasin ke daɗewa. Ta sa su tattaro duk yaran da aka rubuta wa "haƙora" da fensir, su duba abin da aka rubuta musu da biro. Sai a tarar kalma ɗaya ta uwa ta rabu gida uku ko huɗu: wani zawo ne, wani zazzaɓin cizon sauro, wani ciwon kunne. Haka "sanyi", wanda a bakin wata uwa mura ce kawai, a bakin wata kuma yaro ne da haƙarƙarinsa ke lotsawa yana numfashi sama sama. Haka "shawara", wadda ba kullum take nufin idon da ya yi rawaya ba. Masassara ma, yadda mutanen yamma ke kiran zazzaɓi, ba sunan cuta ɗaya ba ne, sunan yanayin jiki ne, sai dai takardun wayar da kai sun daɗe suna amfani da ita kamar ita ce fassarar cutar sauro, har ma'aikaci ya saba da cewa da ya ji kalmar hannunsa ya tafi ga magani guda. Abin da Malama ke so ɗalibi ya fahimta shi ne kowace kalma daga cikin waɗannan tana da tambayar da ke bin bayanta. In an ce haƙora, a tambayi bayan gida, sau nawa, yaushe ya fara. In an ce sanyi, a buɗe rigar yaro a ƙirga numfashi na minti guda cur: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya zama numfashi mai sauri, alamar ciwon huhu. A nan ma harshe ya sake shigowa, domin iyakar ta dogara ga shekarun yaro, uwa kuwa ba da kwanan wata take lissafi ba. Za ta ce an haife shi ana saura kwana kaɗan a kama azumi, ko lokacin yankan shinkafa. Ma'aikacin da bai iya mayar da watannin Musulunci da lokutan noma zuwa lissafin rajista ba zai rubuta "shekara ɗaya" ga ɗan wata goma da ɗan wata goma sha biyar baki ɗaya, ya auna su da ma'aunin da ba nasu ba.

Ba ita ta fara gane cewa bakin uwa taska ce ba. A Gwalkwas, Gana ta yau, wata likita mai suna Cicely Williams ta bayyana wata cutar yara a 1933, a 1935 kuma ta kira ta da sunan da ta ji a bakin mutanen Ga na Akara, kwashiyoko, wanda ke nuni ga ciwon da ke kama yaron da ƙanensa ya ture daga nono. Sunan yana ɗauke da sanadin cutar tun kafin ɗakin gwaji ya tabbatar. Bahaushe ma ya san wannan alaƙa, shi ya sa yake da kwanika da rurrutsa ga macen da ta yi ciki tana goyo, yake kuma sa ido a kan yaron da abin ya faɗa wa. A ƙasar Yarabawa kuma, a Imesi-Ile kusa da Ilesha, David Morley ya bi girman yaran ƙauye wata bayan wata tun daga ƙarshen shekarun 1950, daga wannan aiki aka samu katin awon nauyin yaro da ya bazu a duniya. Hikimar katin ita ce a hannun uwa yake zama. Bayanin yana komawa gida tare da mai shi.

Sai dai kada a ɗauka rajista littafi ne mai tsarki. Malama da kanta takan nuna wa ɗalibai inda ta yi ƙarya. Ga shafin da nauyin yara duka ya ƙare da sifili ko biyar, alamar an kintata ne ba a ɗora su a sikeli ba. Ga makon da babu ko mai zazzaɓi ɗaya a tsakiyar Satumba, wanda ba sauƙi aka samu ba, kayan gwaji ne suka ƙare. Ga shafukan da aka cika da biro ɗaya da hannu ɗaya a zama ɗaya, daren da za a kai rahoto. Koya wa ɗalibi gane irin waɗannan tabo ya fi koya masa zana jadawali amfani, domin gobe shi ne zai zauna da rajista a ƙarshen wata, gajiya ta kama shi, zuciya ta raya masa ya cike gurbi.

Babban gibin kuma shi ne yaran da ba su zo ba. Rajista tana ƙirga wanda ya iso ƙofa ne kawai. Wanda aka tsaya da shi wurin mai kemis, ko wanzami ya cire masa beli jini ya ƙi tsayawa, ko ruwa ya cinye hanya da damina, ko maigida ya yi tafiya babu mai ba da izinin fita, duk ba su da layi. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400, kuma ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka shiga ƙauyukan ne suka lura da yawan yaran da ke mutuwa, bayan an daɗe ana ɗaukar taune-taunen da suke yi a matsayin zazzaɓi mai tsanani. Saboda haka Malama takan tambayi ɗalibi, bayan ya gama lissafinsa, wace unguwa ce ba ta fito ko sau ɗaya a shafukan da ya duba ba. Sannan ta tura shi can da ƙafa.

Akwai kuma batun amana. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, amma tun kafin doka Malama takan naɗe gefen shafin da sunaye suke ta maƙale da fil kafin ta miƙa wa ɗalibi. Ta kuma san wannan bai wadatar ba. A ƙauyen da kowa ya san kowa, "'yan biyu, wata tara, unguwar masunta" ya riga ya zama suna. Tamowa kuwa abin kunya ce ga gida, ana ganin ta kamar shaida ce cewa maigida ya gaza ko uwa ta yi kwanika. Ɗalibin da ya fita da irin wannan labari bakin kasuwa ya rufe wa asibiti ƙofar gidan har abada, yaro na gaba a ɗaka zai ƙare. Don haka sharaɗinta na farko shi ne abin da aka karanta a ɗakin ya kwana a ɗakin, kuma ba a ɗaukar hoton shafi da waya.

Wanda ya tashi a Gwandu ba zai ga rubutun gefen shafi baƙon abu ba. Garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, inda hubbarensa yake, shi da ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa, ɗan wansa Muhammadu Bello kuma ya bar littattafai da dama a kan magani. Almajiran da suka karanci irin waɗannan littattafai a zaure sukan rubuta ma'anar kalmar Larabci mai wuya da ajami a gefe ko tsakanin layuka, da Hausa ko Fulatanci, domin na baya ya samu sauƙi. Matani na malami ne, gefe na mai karatu. Malama ta ga irin waɗannan takardu a gafakar kakanta tun ba ta san za ta yi aikin asibiti ba.

A nan akwai ɗan ƙorafi da ya shafi masana Hausa. An yi aiki mai yawa a kan magani da cuta a al'adar Bahaushe. Murray Last da Lewis Wall sun yi nasu a yankin Malumfashi, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, wanda garinsu ke maƙwabtaka da Kalgo, ya yi kundin digirinsa na uku a kan magungunan Hausa a rubuce a 1995, ɗalibai kuma ba su fasa tattara sunayen cututtukan yara a kundayensu ba. Amma yawancin wannan ilimi a ɗakin karatu na sashen Hausa yake kwance, kamar yadda rajista ke kwance a kabad ɗin asibiti, tsakaninsu wani lokaci bai wuce tafiyar minti kaɗan ba. Mai nazarin harshe yana da kalmar ba shi da sakamakon gwaji, ma'aikacin lafiya yana da sakamakon ba ya ajiye kalmar. Ƙamus zai ce maɗiga wuri ne a kai. Ba zai iya cewa a cikin yaran da aka kawo da wannan kuka nawa ne ruwan jikinsu ya ƙare ba, kuma ba za a taɓa sani ba sai an ajiye bayanan biyu a layi ɗaya.

A watan Maris na 2025, ana cikin azumi da tsananin zafi, gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da ɓarkewar sanƙarau, ta ce mutum 26 sun rasu, 15 daga cikinsu a ƙaramar hukumar Gwandu, sauran a Jega da Aliero da Argungu. A lokacin wani saurayi da ya yi wata uku a gaban Malama yana aiki a wani ƙauye na ƙasar Gwandu. Sunan cutar da kansa yana iya ɓatar da mutum. Daga sanƙarewa yake, don haka kowa wuya yake dubawa, uwa da ma'aikaci duka. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Nono yake ƙi, ya yi ta kuka ko ya yi laushi, maɗigarsa ta kumbura.

Da yamma aka kawo masa ɗan wata bakwai, jiki zafi rau. Ya lanƙwasa wuyan, ya ji shi da laushi. Ya yi gwajin jini na gaggawa, layi biyu suka fito. A nan aikin zai ƙare a wurin mutane da yawa, kuma rajista za ta karɓa ba musu. Amma ya taɓa zama ya ƙirga, ya san cewa a jihar da kusan rabin yara ke yawo da ƙwayar a jininsu, layi biyu ba ya hana wata cutar zama a jiki ɗaya. Ya ɗaga kai ya tambayi tsohuwar da ta rako uwar, "Inna, ke me kika gani?"

Ta ce, "Ɗana, taɓa maɗigatai ka ji. Tun jiya ta tashi."

Ya sa aka zaunar da yaron a cinya, ya jira kukan ya lafa, ya ɗora yatsu. Wurin a cike yake, a tsaye. Ya yi masa allurar farko da ƙa'ida ta tanada kafin a tura yaro gaba, ya rubuta takarda, ya fita da kansa ya nemo mai babur, domin uwar ta ce sai dai a bari a sha ruwa tukun. Bai bari ba.

A rajista abin da gurbi ya ɗauka shi ne "an tura". Takardar da ya kamata ta dawo daga babban asibiti da bayanin abin da aka samu ba ta dawo ba. Da dare ya kira Malama ya ba ta labari, yana jiran yabo. Ta tambaye shi ko yaron ya rayu. Ya ce bai sani ba. Ta ce to ai bai gama rubutu ba.

Bayan ƙaramar salla ya bi mai babur ɗin har gidan. Yaron yana nan, ya koma kama nono, maɗiga ta kwanta. Sai dai uwar ta ce tun da suka dawo, in an kira shi ko an tafa hannu a bayansa ba ya waiwayowa. Saurayin ya tafa da kansa, ta dama, ta hagu. Ya gaya mata asibitin da za ta kai shi a duba kunnen, da ranar da ake ganin yara. Da ya koma wurin aiki ya buɗe shafin watan Maris, ya nemo layin, ya ari fensir wurin wata 'yar makaranta da ta zo wankin gyambo, ya rubuta a gefe: maɗiga ta tashi, kwana ɗaya, ya rayu, ba ya waiwayowa.